Rumbun da Baba Ya Liƙe

Jiya da hantsi jikata ta ɗauki muciya ta ƙwanƙwasa tankin ruwan da ke tsakar gidanmu. Babu ko ɗigo a ciki, sai ya yi wani amo mai tsawo, ita kuwa ta dinga ƙyalƙyala dariya tana ƙarawa. Na daka mata tsawa, abin da ban saba ba, har ta saki muciyar ta ruga wurin uwarta. Ba laifinta ba ne. Wannan amon na san shi tun ina ƙarami, a cikin rumbun mahaifina na fara jin sa.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kebbe da Tambuwal. In a birni ka tashi, bari in gaya maka, a can ba riga ake dubawa a san nauyin mutum ba, rumbu ake dubawa. Namu na laka ne, babba, a kan duwatsu yake zaune, bakinsa a sama da hular ciyawa. Babba ba ya shiga ta wannan baki, don haka yaro ake zurawa ya miƙo dami. A gidanmu ni ne yaron, saboda ba ni da jiki, ƙanƙanta ce kaɗai gadon da na samu da wuri.

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero yana ciki, Baba ya ci bashin hatsi a wurin wani attajirin garinmu, mai sayen auduga yana kaiwa Tambuwal. Ƙa'idar kowa ya san ta: dami ɗaya da damina, biyu da girbi. Abin da ya rage ba a biya ba, baɗi ya sake ninkawa. Girbin da ya biyo baya bai yi auki ba, ga haraji a wuya. Baba ya biya abin da ya iya, amma bashin sai ya wayi gari ya fi yadda aka ci shi. A shekarar ce aka ce ƙasa ta samu 'yancin kai, 'yan makaranta suna yawo da ƙananan tutoci. Mu a gidanmu abin da ake lissafi shi ne tuwon dare.

Ranar da na miƙo damin ƙarshe, na tsaya a ƙasan rumbun, ƙafata cikin ƙaiƙayi, na yi tari. Tarin ya zagaya ya dawo mini. Baba ya leƙo daga sama ya ce in yi shiru, ya jawo ni. Sannan ya kwaɓa laka, da rana tsaka, masu wucewa suna gani, ya liƙe bakin rumbun tsaf, ya mai da hular. Haka mai wadata yake yi, ya liƙe rumbunsa sai damina ta kankama a buɗe. Masu wucewa suka yi masa barka da aiki, ya amsa da fara'a.

Abin da ya riƙe mu a ranin nan fadamarmu ce. 'Yar ƙarama ce, amma tana ba da albasa da dankali, Inna ta kai kasuwa ta auno tsaba. Wani lokaci kunu ne safe da dare, kunun ma kana ganin ƙasan ƙwarya ta cikinsa. Ƙanena yakan yi kukan yunwa har muryarsa ta dushe. Na sha ganin Inna ta ɗora tukunya da ruwa zalla don maƙwabta su ga hayaƙi.

Akwai mafita, kuma kakata, mahaifiyar Baba, wadda muke kira Tsohuwa, ta san ta. Al'adar garin ita ce, wanda bashi ya fi ƙarfinsa ya kira limami da mai unguwa, a buɗe rumbunsa a gabansu. In sun shaida babu komai, mai bashi ya yar da riba, ya karɓi uwar bashin a hankali. Sai dai daga ranar sunanka ya zama wanda aka buɗe wa rumbu. Ba mai sake ranta maka ko mudu, in ana shawara a ƙofar masallaci ba a waiwayo ka. Tsohuwa ta ce wannan duk mai sauƙi ne. Baba ya ce shi zai biya har ƙwayar ƙarshe.

"Da mi za ka biya?" in ji ta. "Biyu sun koma fuɗu, kai ko kana nan kana gyaran hula."

Da ta ga ba ya ji, sai ta ɗauki sandarta ta je da kanta ta gayyato su. Suka zo bayan la'asar, limami da mai unguwa da attajirin, aka shimfiɗa musu tabarma daidai inuwar rumbun. An riga an jingina tsani, ni kuma an kira ni na tsaya kusa, tunda ni za a zura. Wallahi murna nake yi a raina, don na ɗauka yau wahala ta ƙare.

Attajirin ba mugun mutum ba ne yadda mu yara muke zato. Shi ma akwai wanda yake bin sa a Tambuwal, kuma in ya sauke wa Baba ba shaida, gobe rabin gari za su cika masa zaure. Ya yi magana a hankali, kansa a ƙasa.

"Buɗe su gani, malam. In babu, ni yar da riba yanzu, gaban liman."

Tsohuwa ta durƙusa a gaban ɗan da ta haifa. Ban taɓa ganin haka ba, ban kuma sake gani ba. Ta kama gefen rigarsa tana cewa ya dubi yaran nan. Baba ya dubi tsanin, ya dubi mutanen da suka fara taruwa a bakin danga.

"Rumbuna ba shi buɗuwa sai ruwa sun sauka," in ji shi. "Ga fadama nan, a riƙe ta jingina."

Limami ya yi ta ba shi baki, a banza. Nan take aka mai da bashin kuɗi, aka ɗora a kan fadamar. Attajirin zai noma ta har ranar da aka fanshe. Baba ya ɗauke tsanin da hannunsa ya mai da shi bayan ɗaki.

Daga nan sai cin rani. Ya bi ayarin masu zuwa Kurmi yin dako, ya dawo da damina a rame, da 'yan sulallan da ba su kai ko'ina ba, don cikinmu yana cinye rabi kafin a kai ga fansa. Ƙanena bai kai damina ta biyu ba. Wata shekara abokan tafiya suka dawo da bargon Baba da tasbaharsa, suka ce zazzaɓi ne, sun binne shi a can. Na yi fushi da shi shekaru masu yawa, ina kuma kewarsa, duka a lokaci guda.

Sai da na zama malamin makaranta na tara kuɗin fansa. Na tarar da attajirin ya tsufa, idanunsa sun yi hazo. Ya karɓa, ya yi wa Baba addu'a. Na ce masa, da wani irin alfahari, ko ba komai Baba ya tafi da asirinsa a rufe. Sai tsohon ya ce:

"Ɗana, kowa ya sani. Rumbun da ad da hatsi, kaji ba su barin ƙarƙashinai. Na babanka ko kaza guda ba ta zuwa. Shaida kawai nika so, in samu abin da zan riƙe."

Yanzu rumbunan laka sun yi ƙaranci, buhu ake jibgewa a ɗaki a sa kwaɗo. Bashin kuwa yana nan, har ta waya ake cin sa. Ɗana na biyu yana da mota a Sakkwato, kullum a wanke take tas, amma na lura in wayarsa ta yi ƙara sai ya kife ta a kan tabarma. Matarsa ta daina sa 'yan kunnenta na zinariya. Ban tambaye shi ba tukuna, amma Juma'ar nan zan hau mota in je, in zaunar da shi in ba shi labarin kajin nan. In ya ƙi ji, zan durƙusa masa yadda Tsohuwa ta yi, ko da gwiwar nan tawa ba za ta sake miƙewa ba.