Mama Ludayi, Wadda Ta Haɗe Tukunya Biyu

Kafin leburan farko ya shigo masana'antar sabulu, Mama Ludayi ta riga ta hura wuta, ta wanke farantai, tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Shekara ashirin da takwas ke nan tana haka. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Lokacin da ta zo, an raba ɗakin cin abincin da katako. Manya suna ciki, ga fanka ga kujeru masu laushi. Leburori suna kan benci, masu shara kuwa ba sa zama sai kowa ya tashi. Tukunya ma biyu aka ce ta riƙa ɗorawa, ta manya daban, ta ƙanana daban. Wata uku tana yi, abin yana cin ta a rai. Rannan sai ta juye duka a tukunya ɗaya.

Manaja ya kira ta ofis. Cocinsu ɗaya, amma ranar ya ɗaure fuska tamau.

"Baiwar Allah, kin san wannan zai iya raba ki da aikinki?"

Ita kaɗai ke riƙe da 'ya'ya huɗu. Amma ta daure.

"Na sani, yallaɓai. Ran Lahadi a coci, wurin cin jibin Ubangiji, wa ya miƙo maka ƙoƙon sha?"

Ya ce, "Mai sharar ɗakin inji."

"Ka sha?"

"Na sha."

"To, cikinka ya ɓaci?"

Dariya ta ƙwace masa. Ya ce ta je ta ci gaba.

Wasu manyan suka yi fushi, suka ƙaurace wa abincinta. Sati guda, yunwa ta dawo da su. Sai da aka shekara biyu kafin a cire katakon, kafinta ya mai da shi dogon tebur. Yau injiniya da mai shara suna gardamar ƙwallo a kansa, Kirista da Musulmi suna miƙa wa juna gishiri. Har leburorin kamfanin da ke maƙwabtaka sun fara tambayar manyansu, me ya hana su yin haka?

Mama, ke ce ba ki taɓa hawa mumbari ba, amma kin yi wa'azi da ludayi. Ke ce kika ce Yesu bai mutu domin manya kaɗai ba, kika kuma nuna mana a faranti. Mai tukunya ɗaya, mun gode! Allah ya ba ki hutu mai daɗi cikin jikoki.

Mu kuma da muka ci daga hannunta, kowa ya waiwaya wurin aikinsa. In akwai wanda ke jira sai mun tashi kafin ya zauna, gobe mu matsa masa.