Huji na Tara

Shekara talatin da ɗaya Sannu-Sannu ya yi yana jan babbar mota, kuma ba a taɓa jin ya wuce wata mota a hanya ba sai in a tsaye ya same ta. Abokan aikinsa ne suka laƙa masa sunan, ya kuwa bi shi har gida. Matarsa kaɗai ce ba ta kiransa haka. Ita Mai Mota take cewa, tun ranar da ya fara zuwa ƙofar gidansu da baƙin mai a farce.

Ita ta saya masa bel ɗin a shekarar farko ta aurensu. Na fata ne, ruwan ƙasa, mai kan ƙarfe da huji biyar. A lokacin a na farko yake ɗaurewa, saura na reto, don siriri ne kamar sandar giyar mota. To amma kujerar direba ba ta barin mutum yadda ta same shi. Ga zama, ga shayi mai sukari, ga abincin tasha, sai tumbi ya fara leƙowa, a hankali har ya gaisa da sitiyari. Da huji biyar suka ƙare, ta ɗauko ƙusa ta kama da filaya, ta ɗora a wuta sai da ta yi ja, ta huda masa na shida. Ƙaurin fata ya cika kicin, tana yi tana masa tsiya, wai ita mutum ɗaya ta aura ga shi ana ta ƙaro mata.

Na bakwai ya zo shekarar da aka haifi Auta, na takwas bayan an ba shi doguwar hanya, na tara kuma a can bakin bel ɗin, abin da ya rage bai kai faɗin farce ba. Duk safiyar da zai yi tafiya ita ke ɗaura masa. Sai ta bi hujin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta ja, ta ce Allah ya dawo da shi lafiya.

Ya ajiye tuƙi yana murnar zai zauna da ita, ashe ita ce za ta fara tafiya tana zaune. Mantuwa ta shigo mata a hankali. Da farko makulli, sai sunayen maƙwabta, sai kuma abinci. Ta zuba masa na rana ya ci, bayan rabin awa ta sake zubowa tana ba shi haƙurin ta bar shi da yunwa. Shi kuwa ba ya iya ce mata ta manta, sai ya wanke hannu ya sake zama. Akwai ranar da ya ci abincin rana sau uku, yana yi mata santi kowane karo. Cikin shekara guda bel ya ƙi haɗuwa, tsakanin ƙarfen da huji na tara akwai yatsa uku.

Auta ta sayo masa sabo, baƙi mai sheƙi. Ya ɗaura ya shiga ɗakin da safe don ya ɗago ta daga gado zuwa kujerar bakin taga, tunda a lokacin ƙafafunta ma sun fara ƙi. Ta kai hannu ƙugunsa ta lalluba, sai ta janye.

"Bawan Allah, wa kake nema?" in ji ta. "Mai gidan ba ya nan, ya yi tafiya."

Ya tsaya riƙe da ita bai san inda zai sa kansa ba. Bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ko lokacin da birki ya tsinke masa a gangara. Ya kai tsohon bel ɗin wurin mai gyaran takalma aka yi masa ƙari, ɗinki mai kyau, amma yatsunta na isa kan ɗinkin ta ce wannan ba na mijinta ba ne. Ya mayar aka farke. Daga nan ya san abin da ke gabansa: ko ya koma cikin bel ɗin nan yadda ta san shi, ko ya ƙare kwanansa baƙo a ɗakinsa.

Auta ce ta kai shi asibitin masu gyaran jiki, wuri mai sanyi da labule fari, inda kusan duk masu jira mata ne, shi kaɗai ƙato da furfura da tsohon bel a leda. Likitar ta saurare shi har ƙarshe ba ta yi dariya ba, sannan ta ce hanya biyu ce. Ta sa ya ɗaga riga, ta kama fatar cikinsa da yatsu biyu.

"Baba, ka ga wannan da na iya kamawa? Shi ne tiyata ke zuƙewa, rana ɗaya an gama. Na can ciki kuwa, mai taurin nan, ba ta kai gare shi. Kuma za ka kumbura, ka yi makonni cikin rigar roba, ba ɗaura bel, ba ɗaukan abu mai nauyi. Ga shekaru, ga hawan jininka, sai mun yi tunani kafin allurar barci."

"Ɗayar fa, 'yata?"

"Ɗayar na'ura ce. Ba yanka, ba allura. A ɗora maka a ciki rabin awa, ta riƙa murɗa tsokar da zama ya saki har ta yi ƙarfi. Amma ba zan ruɗe ka ba, ba ta kwashe tumbi. In ta ba ka yatsa ɗaya, sauran biyun ƙafarka da farantinka ne za su biya. Wata uku, wata huɗu, ko ma fiye."

Auta ta fi karkata ga tiyata, don tana ganin yadda uwar ke raguwa kullum, wata huɗu kuma ba nan kusa ba ne. Shi ma ya san haka. Ya murza ledar a cinyarsa, sannan ya tambayi likitar ko mace mai nauyin buhun siminti tana cikin abu mai nauyi. Ta ce tana ciki.

"To wa zai ɗago ta da safe? Ko ba ta san ni ba, hannuna kaɗai take yarda da shi. A ɗora mini na'urar."

"Baba, kai dai komai naka sannu-sannu," in ji Auta, tana share ido da bakin mayafi.

Ranar farko da aka ɗaure masa faifan na'urar a ciki aka kunna, sai ya ji tsokarsa na ɗaurewa tana saki ba da izininsa ba. Amma karkarwar ba baƙuwa ba ce a wurinsa, irin ta babbar mota ce in an tayar da ita da sassafe ana jira ta yi zafi. Ya rufe ido, hanya ta buɗe. Yakan ga kwalta ta miƙe fayau, bishiyoyi na tafiya da baya, gada bayan gada, ita kuma tana kujerar gefe inda a zahiri ba ta taɓa zama ba, da ƙusarta a hannu, tana nuna masa garuruwan da ya sha ba ta labarinsu. Wani lokaci yarinya ce mai siraran hannuwa, wani lokaci mai goyon Auta, wani lokaci tsohuwar da ya baro a bakin taga. Ba ya sauri ko a can. In mai kula da na'urar ta taɓa kafaɗarsa ta ce lokaci ya yi, sai ya ɗan jima kafin ya gane silin yake kallo.

Sauran aikin a ƙafa ya yi shi. Mutumin da ya ratsa ƙasa da mota bai san layin bayan gidansa ba sai yanzu, yana zagaya shi safe da yamma yana haki, masu shaguna na tambayarsa ko motar ce ta lalace. Auta ta sauya farantan gidan da ƙanana ƙwarai, ta yadda in uwar ta sa a zubo wa baƙo abinci karo na uku, loma biyu ce. Ya bar sukari, abin da ya ce ya fi barin tuƙi ciwo. Duk ƙarshen mako yakan gwada bel ɗin a banɗaki, a ɓoye. Yatsa uku suka koma biyu, suka daɗe a biyu har ya fara fid da rai. Ita kuwa a watannin nan ta daina gane Auta, maganarta ma ta ragu.

A wata na biyar, wata safiya bayan an yi ruwa, ya ja numfashi ya ja bel, ƙarfen ya faɗa huji na tara. Ya matse shi ƙwarai, ko sunkuyawa ba ya iyawa sosai. Haka ya shiga ɗakin yana takawa a hankali, ya ɗago ta ya zaunar a kujera, ya tsaya a gabanta.

Ta daɗe tana kallon taga. Can sai hannunta ya tashi ya sauka a ƙugunsa. Yatsa ya fara bin hujin, yana tsayawa a kan kowane baƙin ƙuna, har ya iso na ƙarshe ya tarar da ƙarfen a ciki. Ta ja, kamar yadda ta saba. Ta ɗago kai ta dube shi sama da ƙasa, ta ɗaure fuska.

"Mai Mota, yaushe ka dawo ba ka yi sallama ba? Dubi yadda ya matse ka. Jeka ka kawo mini ƙusa."

Ya san babu sauran wurin huji, amma ya juya ya nufi kicin, yana tafe hawaye na zuba masa a riga, ya fara buɗe durowa yana neman filaya.