Haƙorin da Ya Fito a Kwance

Shekarar da maigidana ya koma Kano da iyalinsa, ya bar mini shagon ɗinki a Kabo da keken ɗinki guda da ɗan ɗakin da ke bayan shagon. Shekaruna ashirin da 'yan kai a lokacin. Ni mutumin Madadi ne, ta wajen Gwarzo, kuma duk zaman da na yi a Kabo a inuwarsa na yi shi. Shi ake gaisarwa, shi ake yi wa hira, ni kaina na kan keke. Da ya tafi sai na ga ashe ban san kowa ba, sani irin na zama a tabarma ɗaya.

A cikin wannan zaman ne wata rana, na kai zare baki zan tsinke da haƙori kamar yadda na saba, na ji wani abu ya soke ni can ƙarshen muƙamuƙi na dama. Na kai harshe, na ji dasashin wurin ya taso, da wani ɗan tsini mai tauri a ƙarƙashinsa. Na ɗauka ƙashin kifi ne ya maƙale. Na yi ta sakace har jini ya fito, ban ciro komai ba.

Ciwon ba kullum yake zuwa ba. Sai ya yi kwanaki yana zugi har cikin kunne, sai ya lafa in manta da shi. Idan ya dawo, in tauna kanumfari in danna a wurin, in kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi. Amma kowace dawowa ta fi ta baya. Abinci ya riƙa shiga ƙarƙashin fatar da ta rufe rabin tsinin, asuwaki ba ya kaiwa, bakina ya soma wani ɗanɗano da ni kaina nake ƙyama. Da damina ta kankama kuncina ya kumbura, muƙamuƙin ya ƙage, yatsa biyu ba sa shiga bakina.

Abin da ya fi ciwon damuna shi ne gaisuwa. Mutum zai tsaya a ƙofar shago ya tambayi kwana, da gajiya, da aiki, da ruwa, da mutanen gida, ni kuwa sai ɗaga kai da ɗan gurnani. Ba wanda ya tambayi dalili, ni ma ban iya bayani ba. Daga baya na ji ana cewa tun da aka bar wa yaron nan shago ya soma ji da kansa. Wasu suka kwashe yadinsu suka kai wani wuri. Sai in wuni ba wanda ya yi mini magana in ban da ƙarar keke.

Wata dattijuwa mai kawo nono daga wajen Durun ce ta fara lura. Ta ga kullum ina nuna mata da hannu ta dama furar ta yi ruwa sosai. Ta ajiye ludayi ta ce in buɗe baki. Na buɗe iya yadda zan iya, ta juya ni wajen haske ta leƙa.

"Ɗan nan, ai haƙorin hankali ne ke fito maka. Ba wanda ya gaya maka?"

Na girgiza kai. Ta ce nata sun fito ba ta ma sani ba, amma na babban ɗanta sai da aka kai shi asibiti. Ta ce kada in bari kowa ya sa mini ƙarfe a baki a kasuwa. Na ce, "To, Inna," da kyar. Ranar na daɗe zaune ina mamakin a ce mutum ya yi gemu, haƙori na fito masa kamar jariri, ba kuma uwar da za ta duba.

Na rufe shago na hau mota zuwa asibiti a Gwarzo. Likitan ya haska fitila ya duba ko'ina, ba gefen ciwon kaɗai ba. Ya ce haƙoran hankali huɗu ne, kowane lungu ɗaya, kuma a irin shekaruna suke fitowa. Nawa na sama sun fito tsaye sun sami wuri, na hagu na ƙasa ma yana hanya lafiya, waɗannan ba ruwan kowa da su muddin ina wanke su. Wanda ake cirewa shi ne mai kumbura yana dawowa, ko wanda ya rasa wuri yana tura maƙwabcinsa. Ya ba ni magani kumburin ya sauka tukuna, ya ce in je Kano a ɗauki hoton muƙamuƙin.

A Kano aka nuna mini hoton. Duk haƙorana suna tsaye a jere, mai ciwon kaɗai ke kwance, kansa a jikin na gabansa. Aka sa mini rana. Da ranar ta zo, ma'aikaciyar da ke kiran mutane ta dubi bayana ta ce, "Malam, wa ya rako ka?" Na ce ni kaɗai ne. Ta ce to in an gama in zauna in huta kafin in fita titi.

Allura ta kashe wurin, ban ji zafi ba, sai dannawa da ƙara a cikin kaina. Sai da suka raba haƙorin kafin ya fito. Aka cusa mini auduga aka ce in cije, kada in tofar, kada in kurkure ranar, kada in sha mai zafi. Na zauna a benci tsakanin mutane, kowa da mai riƙe masa jaka ko mai yi masa fifita.

A motar komawa wayata ta yi ƙara. Yayata ce daga Madadi, tana son in ɗinka wa 'ya'yanta kaya. Na yi ƙoƙarin amsa sallama, abin da ya fito ba magana ba ce. Na miƙa wa mutumin da ke kusa da ni, na nuna masa kuncina, ya yi mata bayani. Da ya maido mini wayar sai ta ce, "Watanni kana cikin wannan hali, ko ka faɗa?" Ban taɓa ɗaukar ciwon haƙori abin da ake kira a faɗa ba.

Ba ta kashe ba. Ta ce in yi shiru in saurara kawai. Ta ba ni labarin masarar bayan gida, da akuyar da ta haifi biyu, da katangar da ruwa ya kayar. Ina ji har muka shiga inda waya ba ta kamawa, muryarta ta yanke. Na sauka a Kabo da la'asar, na buɗe shago, na zauna a kan keke ban taka ba.