Wayoyin da Wahabu Ya Ɗaure da Zare

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 13 ga Afrilu 1993, cikin watan Shawwal, Allah Ya karɓi ran Wahabu Issifou, mai gyaran wutar mota a zangon Sokode, bayan zazzaɓi na 'yan kwanaki. An kai shi makwancinsa bayan la'asar. Ni ƙafafuna a bakin masallaci suka tsayar da ni, ban iya raka shi maƙabarta ba. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In fito zaure, in koma ɗaki, in sake fitowa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Wahabu, ni ne Harisu, tsohon malamin lakwal, makarantar boko, da kake kira Baba Metir, wato malam da Faransanci. Ba ɗana ba ne kai, ba mu haɗa dangi ba. Matata ta rasu, 'ya'yana sun watsu, na ƙarshensu ya tsallaka Gana tun da hargitsin siyasar nan ya tsananta. Abin da ya rage mini a duniya shi ne yayata Hajjo a Dapaong, makauniya, wadda ta goya ni ina jariri. Kafin azumi ta aiko wani mai fataucin goro ya gaya mini cewa in ina son jin muryarta, to in yi sauri.

Sauri da me? Yajin aikin gama-gari ya tsayar da ƙasa tun watan Nuwamba. Motocin da ke kasadar hawa arewa kaɗan ne, ana cusa mutane kan buhuna, ba a tsayawa don wani tsoho ya miƙe baya. Ni kuwa ba na iya doguwar tafiya sai a kwance. Na gaya maka wannan a bakin masallaci, ba don neman komai ba, don dai ka tambaye ni me ya sa na rame. Sai ka tambaye ni ina tsohuwar a-kori-kurar nan tawa.

Tana bayan gida, inda ta yi shekara da shekaru. Fijo ce 403, wadda a nan muke kira bashe, na saye ta hannu na biyu ina saurayin malami. Kaji sun yi ƙwai a kujerarta, ɓeraye sun cinye wayoyinta. Ka zagaye ta, ka ƙwanƙwasa ƙarfen, ka yi dariya ka ce:

"Baba Metir, wannan ai ta girme ni. Dole in yi mata ladabi."

Garejinku yana bakin babbar hanya, inda ake ƙona tayoyi ana datse titi, don haka ka sa aka tura ta har tsakar gidanka. Abokin aikinka Salifu, bakanike, ya kama injin. Kai ka kama wuta. Ka ce tsohon dinamon ba ya cika batir sai mota tana gudu, alhali hanyar yanzu tsaye-tsaye ce, shinge bayan shinge. In batir ya mutu a gaban masu bindiga, wa zai tura, ni tsoho? Sai ka nemo altanato, mai cika batir ko mota tana tsaye, daga wata motar da ta yi haɗari, ka sassaƙa masa mazauni da hannunka, ka ce wayoyin gaba ɗaya sabbi za a shimfiɗa.

A nan matsala ta taso. Kaya ba sa zuwa daga Lome. Abin da ka samu shi ne naɗi ɗaya na waya da wani direban babbar mota ya kawo maka daga Sinkase, kuma dukkanta baƙa ce. Wayar mota da launi ake gane ta, wannan ta fitila, waccan ta oda. Salifu ya ce a jira ƙasa ta lafa. Ka ce Hajjo ba za ta jira ƙasa ba.

Matarka Juwairiyya mai ɗinkin hula ce, a inuwar mangwaro take zama da kwandon zarenta, kusa da motar. Sai ka riƙa ɗaura wa kowace waya zare a bakinta biyu. Ina zaune a kan tabarma ina jin ku. Kana kwance ƙarƙashin sitiyari ka ce ta miƙo kore, ita kuma ta ƙi miƙawa sai ka faɗa mata na mene ne, wai zarenta ba na banza ba ne. Ka ce na fitilar birki ne. Ta ce ai ja ya fi dacewa da birki. Ka ce ja ya riga ya tafi batir, ta daina yi maka shisshigi a sana'a. Haka kuka yi ta yi, ni kuma ina cin tuwon gidanku kullum, abin da ban saba ba tun rasuwar matata.

Ka shimfiɗa wayoyin duka, saura haɗa bakunansu, zazzaɓin ya kwantar da kai. Magani ya yi wuya a gari. Da na shigo duba ka, abin da ka ce mini shi ne kada in bari yara su taɓa zaren.

Bayan sadakar bakwai Salifu ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya ga baƙaƙen wayoyi suna reto, ya girgiza kai. Ya ce shi injin ya sani. Wani mai gyaran wuta da ya kira ya ce sai dai a cire duka a sake, kuma waya babu. Na koma gida na kasa cin abinci. Ina kukan rashinka, ina kuma kukan Hajjo, har na rasa wanne ne wanne.

Juwairiyya tana takaba, ba ta fita, ba ta zama gaban maza. Amma ta aiko ƙanwarka ta ce a matso da motar bakin ƙofar ɗakinta. Aka matso. Tana bayan asabari, ba ma ganinta. Salifu ya ɗaga waya ya faɗi launin zaren, ita kuma ta faɗi inda za ta. Ja, batir. Kore, birki. Ruwan ɗorawa, oda. Shuɗi mai ƙulli biyu, fitilar gaba ta hagu. Sau ɗaya muka ji tana jan hanci, sannan ta ci gaba. Da Salifu ya murɗa makulli injin ya tashi, fitilar caji ta mutu kamar yadda ka ce za ta yi, alamar batir yana cika, kaji suka watse.

Saura waya ɗaya mai farin zare, ta bi ta rufin mota ta sauka baya, inda ake ɗora kaya. Salifu ya ce bai ga abin da ke amfani da wuta a can ba. Sai muryarta ta fito:

"Ta Baba ce. Ya ce Baba a baya zai kwanta kan katifa, direba ba zai ji kiransa ba. Akwai maɓalli cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin kujera. In ya danna, ƙararrawa za ta yi ƙara a gaba, a tsaya masa."

Wahabu, ba ka taɓa gaya mini wannan ba.

An haɗa ta. Salifu ya karɓi alkawarin da ka yi na tuƙa ni, ya samo fetur na kwalba daga Camba. Ranar Asabar bayan asuba za mu tashi in Allah Ya yarda. Ban san abin da ke jiranmu a hawan dutsen Alejo ko a garin Mango ba, ban kuma san ko zan tarar da Hajjo da rai ba. Na ɗaure kayana na kwance, na sake ɗaurewa. Jiya na je na kwanta kan katifar na danna maɓallin don gwaji. Ƙararrawar ta yi ƙara, kujerar direba babu kowa.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Hajiya Azara, da Juwairiyya da 'ya'yanku, da Salifu, da jama'ar zango baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya kwantar da ƙasar nan. Idan na isa, zan kama hannun Hajjo in ɗora shi kan farin zaren nan, in gaya mata sunan wanda ya ɗaura shi, don ta sa ka a addu'arta. Amin.