Adakar Kawu

Jiya a unguwar Deira, nan ƙasar Larabawa, na raka abokin aikina sayen turare, sai na ga wata tsohuwar adaka ta katako a ƙofar shago. Mai shagon ya ɗaga murfin, ya ce, "Habibi, a irin wannan masu gari ke ajiye takardu a da." Ƙamshin kanumfari ya buge ni, sai na tuna da adakar Kawu.

Kawuna ne magatakardan dagacin garinmu. Adakarsa a kan duwatsu huɗu take saboda gara, yana barbaɗa kanumfari da busasshen ganyen darbejiya tsakanin takardun. Wata rana yana shanya su a tabarma, na ce, "Kawu, wa zai karanta wannan tarkacen?" Bai ɗago kai ba, ya ce, "Ranar da baki ya musa, su za a tambaya."

Da ya rasu, ni na buɗe adakar. Na ga baƙaƙen Larabci, na ɗauka ayoyi ne da addu'o'i. Don kada a taka, na ƙone su, na binne tokar, ina ganin na yi aikin lada. Ashe ajami ne, iyakokin gonakin gari kaf. Ko tsayawa ban yi na haɗa baƙi ba.

Yau gida biyu ba sa gaisawa a kan gona ɗaya. An ɗora wa gara laifin, ni kuwa na yi shiru.

Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu. Ni kuma Ya ba ni bakin faɗa wa dagaci gaskiya.