Likkafanin Baba Garba

Ranar wata Alhamis ce da hantsi, a damina, cikin tsakiyar shekarun 1850, ina da shekara tara ko kusa da haka, aka kawo Baba gida a cikin kujerar da yake ɗaukar mutane da ita. Ina durƙushe a tsakar gidanmu na unguwar Itapagipe ina murza wake don ƙosan Inna, sai ga kujera ta shigo, labulenta a sake, ruwa yana ɗiga daga rufinta. Har na fara dariya, don a zatona wani Bature ne ya yi ɓatan kai. Ashe Baba ne a ciki, bakinsa ya karkace, hannunsa na dama yana reto kamar jiƙaƙƙen tsumma. Abokan aikinsa suka ce yana tsakiyar hawan tudun da ke kaiwa dandalin gidan wasa ya sulale ƙasa. Ran nan ne kaɗai a rayuwarsa ya zauna cikin kujerar nan, bayan ya kwashe shekaru yana ɗaukar waɗansu a cikinta.

Garba ne sunansa, ko da yake a gari Joaquim suke ce masa, sunan da aka sa masa a coci. Yana saurayi aka kamo shi daga ƙasar Hausa aka sayar a nan birnin Salvador, ƙetaren teku, ya yi bauta har ya fanshi kansa, sannan ya auri Inna, Bayarabiya mai tuyar ƙosai da manja a bakin tashar jiragen ruwa. Garin hawa biyu ne, wani a bakin teku wani a kan tudu, masu hali kuwa ba sa hawa da ƙafarsu, sai a kafaɗar irin su Baba. Hausawan da suka rage a lokacin tsofaffi ne, ba su da yawa, kuma tun boren da bayi Musulmi suka yi kafin a haife ni a ɓoye suke salla. Abu guda suka ƙulla a tsakaninsu: duk wanda ya riga mutuwa, sauran za su yi masa wanka, su sa shi a likkafani, su yi masa salla kafin mutanen coci su iso. Baba bai taɓa tsoron mutuwa ba, a iya sanina. Abin da yake tsoro shi ne a binne shi ba wanka ba salla, a matsayin Joaquim.

Aka kira Malam Sule, wanzami, wanda shi ne kuma yake jan su salla. Ya yi wa Baba ƙaho, ya ɗaga hannun ya saki, ya soki ƙafar da tsinke, Baba ko motsi. Sai ya ja Inna gefe, ni kuwa ina manne da zanenta. Ya ce, "Uwar Ladi, shanyewar jiki ce. Irin wannan ba ya zuwa shi kaɗai, na biyun yana tafe. Ban ga wanda ya kai damina biyu ba. A shirya." Aka shirya kuwa. Tsofaffin nan suka kawo farin yadi sabo fil, aka ninke aka sa a akwati tare da kafur. Suka yi ta zuwa ban kwana, kowa ya riƙe hannunsa mai lafiya ya nemi gafara. Baba yana kwance yana kallonsu, kuma wallahi na ga kwanciyar hankali a fuskarsa, don ga masu wankansa nan a jere, an cika ɗaki.

Mutuwa ta ƙi zuwa. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce, Baba yana nan a kan tabarmarsa a gindin gwanda. Harshen Turawan ya tafi gaba ɗaya, Yarabancin ma haka, sai 'yan kalmomin Hausa suka rage masa, su ma da ƙyar suke fita. Inna ba ta jin Hausa sosai, ga shi tun asuba take fita da kasko, don haka ni na zama bakinsa da hannunsa. Sa'o'ina suna bakin laka suna kamun kaguwa, ko suna carafke a ƙofar gida, ni ina dama masa garin rogo ina ɗura masa ta gefen bakin da ke aiki. Ba zan yi ƙarya ba, na ji haushi. Nakan ji ihunsu in ji kamar in yi tsalle in haura katanga. Shi kuwa tsohon, da rabin bakinsa ma sai ya tsokane ni. In na ɓata rai sai ya kumbura kumatunsa guda ya kwaikwaye ni, har in fashe da dariya ban shirya ba.

Wanka ne abin da muka fi faɗa a kai. Kullum da safe in na ɗebo ruwa, sai ya sa na lulluɓe shi da zane daga cibiya zuwa gwiwa, in yi masa alwala tukuna, sannan in wanke kai, in bi ɓarin dama daga kafaɗa har tafin ƙafa, in dawo hagu. In na kuskure sai ya buga ƙasa da hannu a sake daga farko. Ni kuwa ban ga dalilin fara wanke ɓarin da ba ya jin sanyi ba ya jin zafi ba. Nakan ce, "Baba, wannan gefen ai bai san ana yi ba." Sai ya zare mini ido ya ce, "Dama. Fari." Iyakar abin da yake iya faɗa ke nan, haka muka yi ta yi shekara da shekaru.

A cikin shekarun nan ne tsofaffin suka fara zubewa. Na farkon da ya rasu ba a sami yadi da wuri ba, sai aka zo aka ari na Baba, daga baya aka mayar da wani. Aka yi dariya a ran nan, ana cewa Garba ya ba da aron tufafin tafiyarsa. Da aka zo aro na biyu dariyar ta ragu. Waɗansu kuma suka sami jirgi suka koma Ikko, suka zo sallama suna kauda ido, don sun san ba mai ɗaukar shanyayye a jirgi. Duk wanda ya tafi, sai in ga Baba yana bin ƙofa da kallo, yana lanƙwasa yatsun hannunsa na hagu ɗaya bayan ɗaya. Tun yana buƙatar sake zagayowa, har hannun guda ya ishe shi, har ya rage yatsa ɗaya tak, Malam Sule.

Na zama budurwa lokacin da Malam Sule ya zo ziyararsa ta ƙarshe, yana dogara sanda, ya rame ƙwarai. Ya tarar ina yi wa Baba wanka, ya tsaya yana kallo har na gama. Ya ce, "Wa ya koya miki wannan, 'yata?" Na nuna Baba da haɓa. Sai tsohon ya zauna a bakin turmi ya rufe fuska. Can ya ce, "Garba, tun tuni ka san ba za mu kai ba ke nan?" Ya juyo gare ni ya ce, "Wankan gawa ne wannan, Ladi. In babu namiji, 'ya tana iya yi ta saman zane. Ki ƙara kafur a ruwan ƙarshe, shi ke nan." Ashe duk safiyar da nake ƙunƙuni, mahaifina yana koya mini yadda zan sallame shi ne. Na dube shi, ya kauda kai yana kallon gwanda.

Malam Sule bai ƙara wata guda a duniya ba. Jikarsa ta zo tana kuka, ba su da yadi. Baba ya nuna akwati da hannu, aka ɗauko likkafanin, wannan karon kuwa babu wanda zai mayar. Daga nan ya daina tsokanata, ya daina buga ƙasa in na yi kuskure, don na daina kuskuren. Ciwo na biyun da aka yi mana alkawari tun ina yarinya sai bayan shekara goma sha wani abu ya iso, da rana tsaka, ina shanya. Inna ta farke farin zanenta na fita ta ɗinke. Ita tana zuba ruwa, ni ina wankewa, alwala tukuna, sannan dama, sannan hagu, ga kafur a ruwan ƙarshe. Aiki ne da na saba. Da muka gama na fita ƙofar gida na duba hagu da dama, ko Allah zai kawo wani mai salla, ko da baƙo ne. Layin cike yake da mutane, masu kifi, masu dako, yara, amma babu ko ɗaya. Mutanen coci suka zo suka ɗauki Joaquim.

Yanzu an hana bauta, kujerun nan sun ɓace daga kan tudu, Itapagipe ta cika da hayaƙin masaƙa. Maƙwabta har yau sukan ce Baba ya yi sa'a, ciwon da ke kashe mutane nan da nan shi ya bar shi ya daɗe. Nakan gyaɗa kai kawai. Da ya tafi a daminar farko, da sahu guda cur ya tsaya a kansa. 'Ya'yana ba sa jin Hausa, jikokina kuwa dariya suke in na yi ta. Kwanan nan yatsuna na dama sun fara dindiris da safe, ba na jin su sosai, sai na fara kiran ƙaramar jikata ta zuba mini ruwa. Tana ƙunƙuni, tana tambaya don me sai an fara da dama, ni kuma ban gaya mata ba tukuna. Wankan dai zan iya bar mata, sallar ce ba ni da wanda zan bar wa.