Ranar da Baba Ya Shiga Lif

Ina shekara ta biyu da fara aikin buga tafireta a wani dogon bene a birnin Kano, Baba ya zo daga Ƙafin Maiyaki ba tare da ya aiko ba. Na dawo daga sallar Azahar na tarar da shi a bakin ƙofa, da takalminsa na taya, da ƙullin gyaɗa a buhun taki. Na durƙusa na gaishe shi a gurguje, na ce mu hau sama.

A lif ɗin nan ba a magana. Kowa yakan ɗaga kai yana kallon lambobi har ya isa inda za shi. Mun shiga ke nan sai ga manajanmu da wasu mutum uku. Na ja jiki can lungu, na bar Baba a tsakiya.

"Salamu alaikum," in ji Baba, da muryar da yake kira da ita a gona.

Aka amsa can ƙasa-ƙasa. Da lif ya tashi, ya dafa bango ya yi salati, sannan ya yi dariya.

"Bayin Allah, ɗaki ɗaya ya haɗa mu kuma ba gaisuwa? Ya ruwa a wajenku? Mu dai dawa ta yi kyau bana."

Wani mai kwat ya ce shi ɗan Tudun Wada ne, masararsu ma ta yi. Baba ya kwance buhu ya damƙa masa gyaɗa. Kafin hawa na huɗu kowa na ɓarewa, har manaja.

"Baba, wurin wa ka zo?" in ji manaja.

Baba ya waiwayo ya dube ni. Ni kuwa na kafa wa lambobin ido. Ban san me ya riƙe mini baki ba, ko takalmin ne, ko buhun.

Sai Baba ya ce, "Wani yaro ne ɗan garinmu."

A ofis ya ƙi zama a kujera. Ya sha ruwa, ya ba ni saƙon Inna, ya ce zai bi motar la'asar. Na ce ya kwana, ya ce ya bar shanu ba kowa. Ta matattakala ya sauka, hawa bakwai, ina biye da shi.

Na yi ta cewa in na je gida da Sallah zan roƙe shi gafara. Bayan girbi zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku. Kafin saƙo ya iske ni an riga an kai shi makwancinsa.

Ranar sadakar uku na tambayi Inna ko ya ce mata wani abu game da zuwansa birni.

"Cewa ya yi ka rame," in ji ta. "Ya ce in riƙa aika maka da fura."